FATAUCIN ILIMI: YADDA MUTANENMU SUKA RIƘA ƘETARE ƘASA NEMAN KARATU DA SANA'A

  'Yan'uwa Hausawa mazauna Ngojin da kewaye:

Duk wanda yake garin nan a ƙarshen azumin shekarar 2023 ba zai manta da irin sallar da wasu gidaje suka yi ba. Ranar 15 ga watan Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Hartum, babban birnin Sudan, alhali kuwa akwai dubban ɗaliban Nijeriya a can, galibinsu 'yan Arewa. A layinmu na kasuwa akwai wani dattijo abokin cinikinmu wanda ya sayar da filinsa ya tura ɗansa karatun likita a can. Mun ga bawan Allahn nan yana buɗe rumfa da safe, amma ko mai saye ya yi sallama ba ya ji, waya na manne da kunnensa. Aka kwashe ɗaliban a motocin bas aka nufi iyakar Masar da su, suka yi kwana da kwanaki a bakin iyaka cikin rana da ƙishirwa kafin a buɗe masu ƙofa. Sai ranar 3 ga Mayu jirgin farko ya sauka da su a Abuja. Yaron ya dawo lafiya, alhamdu lillahi, amma da 'yar jaka ɗaya a hannu, ba shi da ko takarda guda da za ta nuna shekarun da ya yi yana karatu.

Tun daga lokacin gardama ba ta ƙare ba a majalisunmu. Wasu suka ce ai da ma tura yaro ƙasar waje sabon yayi ne na masu kuɗi, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Wasu kuma suka ce ina, karatun gida ya lalace, in ba a waje ba babu ilimi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi. Mu dai ba masu digiri ba ne. Allo muka yi, muka yi Islamiyya, daga nan kasuwa ta ɗauke mu. To amma abin da muka ji daga malamanmu da abin da muka karanta ya nuna mana cewa fita neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan, kuma ƙa'idarta ɗaya ce da ta fataucin da iyayenmu suka yi. Falke ba ya tashi sai ya san fatoman da zai sauka a wurinsa, ya ƙulle guzurin zuwa da na dawowa, ya kuma san hajar da kasuwar garinsu take nema.

MASAUKIN ALƘAHIRA

Bari mu fara da ƙasar da muke zaune a cikinta, tun da kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 nan duk Barno ce. Wajen shekarar 1242, zamanin Mai Dunama Dabalemi, wasu mahajjata mutanen Kanem suka biyo ta Masar, suka danƙa wa wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya domin ya gina masu makaranta a tsohon birnin Alƙahira. Aka gina, aka riƙa karantar da fiƙihun Malikiyya a ciki, kuma ta zama masaukin mutanen ƙasarsu. Malamin tarihin nan na Masar, Maƙrizi, ya kawo labarinta, har ya ambaci cewa mutanen Kanem sun ci gaba da aiko da kuɗin hidimarta. Daga baya kuma a masallacin Azhar aka keɓe wani sashe na musamman domin ɗaliban Barno.

Mai karatu ya lura da wannan. Yau kusan shekara 800 ke nan, mutanen nan ba su ce yaro ya tafi Allah ya kiyaye kawai ba. Sai da suka fara gina masauki, suka ɗora amintacce a kai, suka riƙa aika kuɗi. Kalmar fatoma ma da muke amfani da ita a kara daga bakin Barebari muka aro ta, ma'anarta mai gida.

Da sarautar ta dawo yammacin tafkin Cadi, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarshen ƙarni na 15. Kufansa na nan cikin jiharmu, wajen Gaidam. Birnin ya shahara da malamai, sarakuna suna ba su takardar da ake kira maharam wadda ke ɗauke masu haraji da aikin sarki don su zauna su karantar. Alƙur'anan da aka rubuta da hannu a Barno har ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka ake kai su a sayar saboda kyan rubutu. Ka ga ke nan ba karɓa kawai ake yi ba, ana bayarwa.

Har ila yau ba karatun littafi kaɗai ake nema ba. Mai Idris Alauma, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 16, ya aika manzanni zuwa Santambul, ya kuma samo Turkawa masana bindiga, mutanensa suka koyi harbi har suka gwanance. Limaminsa Ibn Furtuwa ne ya rubuta haka. Da a yau ne da sai a ce an ƙulla yarjejeniyar horar da ma'aikata tsakanin ƙasa da ƙasa.

TAFIYA GABAS

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali da littattafansu zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wajen 1492. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa sai da ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. Akwai kuma wani Bakatsine, Muhammadu al-Kashnawi, masanin hisabi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana wallafa littattafai, har ya rasu a can a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Wato namu ya je ƙasar Larabawa, Larabawa suka zauna gabansa ɗaukar karatu.

Amma tafiyar da ta fi shafarmu ita ce wadda kowane Bahaushe ya sani da suna tafiya gabas. In gardi yana son ya haddace Alƙur'ani ya iya rubuta shi da ka, to Barno zai nufa. Daga Kano, daga Katsina, daga Haɗeja, daga Damagaram, a ɗauki allo da buzu da 'yar tawada a kama hanya. Hanyar nan kuwa ta Potiskum ta bi, musamman bayan da aka dawo da fadar Fika nan garin a 1924, gari ya buɗe, kasuwa ta cika. In muka bincika asalin gidajenmu za mu tarar da yawa daga cikin kakanninmu ɗayan biyu ne ya kawo su, ko fatauci ko almajiranci, wasu ma duka biyun. Suka yada zango da niyyar wucewa, Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamawa suka karɓe su, aka ba su wurin zama da na noma, zango ya zama gida. Saboda haka Bahaushen Ngojin da zai ce fita neman ilimi baƙon abu ne, ya manta da abin da ya kawo kakansa.

Wasu ba su tsaya a Barno ba. Sun wuce ta Wadai da Darfur a ƙafa da niyyar hajji, tafiyar shekaru, ana noma ana ƙwadago ana karatu a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya je Sudan yakan tarar da masu jin Hausa a kasuwa da masallaci. Su ma mazauna ne kamarmu.

ZAMANIN TURAWA

Da Turawa suka ci ƙasa sai tafiyar ta shiga hannun hukuma, ya zama sai da takarda da izini. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Gordon ta Hartum, cikinsu har da Shehu Bashir al-Rayyah. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Mutanen nan sun zo da wani salo da ba a saba da shi ba: aji-aji, allon bango, jarrabawa, da magana da Larabci baki da baki maimakon fassara kalma-kalma kawai. Mu da muka yi Islamiyya ya kamata mu san wannan, don kuwa tsarin da aka karantar da mu a kai, na zama kan benci da littafin nahawu da hisabi da ƙararrawar tashi, reshe ne na wannan itaciya. Malaman da suka koyar da malamanmu da dama daga can suka fito.

Ta ɓangaren boko kuwa, a 1945 aka tura wasu malaman makaranta 'yan Arewa zuwa sashen horar da malamai na Jami'ar Landan. Cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekara ta zagayo, a 1946, Malam Aminu Kano ya bi sahu. Shekara ɗaya-ɗaya suka yi. Ɗaya ya dawo ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, ɗayan kuma ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya ya ja ragamar NEPU. Ko mutum ɗan wace jam'iyya ne ubansa, ba zai ce kuɗin jirgin mutanen nan biyu ya faɗi banza ba.

Sai kuma ayarin 1954, lokacin da aka tura wasu ɗaliban makarantar Kano zuwa Bakhtur Ruda, wata cibiyar horar da malamai da ke kusa da garin Duwaim a Sudan. A cikinsu akwai Malam Abubakar Mahmud Gumi da Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Zukatan ɗaliban Larabci na wancan lokaci Azhar suke so, amma Turawa ba su son a je Masar saboda guguwar siyasar da ke kaɗawa a can zamanin Jamal Abdul Nasir. Sudan kuwa tana hannunsu, sai a 1956 ta sami 'yanci. Duk da haka dubi abin da ayarin ya dawo da shi. Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya kuma fassara Alƙur'ani da Hausa. Malam Halliru Binji ya riƙe irin wannan muƙami a Sakkwato. Malam Shehu Galadanci ya zama shugaban farko na Jami'ar Sakkwato, daga baya jakadan Nijeriya a Saudiyya.

Me ya sa 'yan mutane ƙalilan suka yi irin wannan tasiri? A namu ganin, don an zaɓe su ne bayan sun riga sun ƙoshi da karatun gida, sun san abin da suka je nema. Hukuma ta san makarantar da ta kai su, ta biya kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Kuma kafin su dawo aikin da za su yi yana nan yana jiransu.

BAYAN SAMUN 'YANCI

Daga 1960 ƙofofi suka buɗe ta ko'ina. Aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, ta riƙa ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Musulmi kyauta, har da kuɗin abinci da na jirgi. Masar ta riƙa ba da gurabe a Azhar tana kuma aiko da malamai. Rasha ta buɗe jami'ar da aka sa wa sunan Patrice Lumumba domin 'yan Afirka da Asiya. Ingila da Amurka su ma ba a bar su a baya ba, don lokacin kowace babbar ƙasa tana neman abokai. Kada mu ruɗi kanmu, babu wanda ya ba da gurbin karatu don Allah da Annabi kawai ba tare da yana da tasa manufar ba. Amma ɗan kasuwa ya san ba laifi ba ne abokin ciniki ya ci riba, in dai kai ma ka ci taka.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. A shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta haɗa gwiwa da ita wajen kafa sashen aikin gona da na likitan dabbobi. Malamansu suka zo Zariya suka zauna shekaru, namu matasan kuma suka je can suka ƙaro karatu, suka dawo suka karɓi ragama. To duk wanda ya san karar Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, ya san darajar likitan dabbobi. Allurar da ake yi wa garke da duba lafiyar sa kafin a loda shi zuwa Kudu, akwai hannun waccan yarjejeniya a ciki, ko da mai shanun bai taɓa jin sunan Kansas ba.

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai baƙi. Abokanmu da suka yi boko suna ba da labarin Indiyawa da 'yan Pakistan masu koyar da lissafi da kimiyya, da Misirawa masu Larabci, da 'yan Gana masu Turanci. Da tattalin arziki ya karye, aka kori baƙi marasa takarda a 1983, darajar naira kuma ta zube daga 1986, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya. A wurare da yawa ba a tanadi wanda zai gaje su ba.

A fannin sana'ar hannu ne muka fi yin asara, kuma nan ne ya kamata mu fi tsayawa. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, gwamnati ta yi wani shiri na gaggawa ta tura matasa masu yawa Amurka da Kanada da ƙasashen Turai don su koyo aikin injuna da lantarki da gine-gine. Bayan haka aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, wanda manufarsa ita ce yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injunan koyon kafinta da ƙira da walda daga ƙasashen gabashin Turai irin su Balgeriya, aka rarraba wa makarantu. Abin takaici, a makarantu da dama akwatunan ko buɗe su ba a yi ba. Wani wuri babu wutar lantarki, wani wuri babu ɗakin da za a kafa su, wani wuri babu malamin da ya san kansu. Suka yi tsatsa, wasu aka sace. Wannan shi ne a sari haja ba a tanadi rumfa ba.

Sakamakon yana gabanmu. Garin nan ya yi suna a harkar manyan motoci, amma yaranmu na gareji da ido da kunne suka koyi aiki a hannun masu gidansu. Allah ya saka wa masu gidan da alheri, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. To amma motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu. Haka kuma in mai kuɗi ya tashi gina gida a manyan biranenmu, sau da yawa 'yan Togo da Binin ake nema su sa tayil su yi adon silin, don an ce hannunsu ya fi faɗawa.

Kada kuma a ɗauka kullum mu ne masu miƙa ƙoƙo. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta kafa shirin tura ƙwararrun Nijeriya, likitoci da malamai da injiniyoyi, zuwa wasu ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan su yi aikin shekara biyu-biyu, Nijeriya ce ke biyansu. Ɗalibai daga Nijar da Cadi da Kamaru kuma sun daɗe suna karatu a Maiduguri da Kano da Zariya da Sakkwato, kamar yadda namu suke zuwa Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar.

ZAMANINMU

A 1992 aka mayar da Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Hartum jami'a, ta zama matattarar ɗalibanmu. Sudan ta yi wa talaka daɗi saboda sauƙin kuɗi da kusancin addini da al'ada, har uba yakan saki jiki ya tura 'yarsa mace. Gwamnatocin jihohin Arewa su ma suka shiga tura ɗalibai waje, musamman karatun likita. Kano ta yi fice a wannan tsakanin 2011 da 2015, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, har da matasa 100 da aka kai Jodan koyon tuƙin jirgin sama.

Mu nan kuma muna da wani dalili na dabam da ya sa iyaye suka riƙa hangen nesa. Ba mu manta da harin makarantar Mamudo na watan Yulin 2013 ba, ko bam ɗin da ya tashi a makarantar kimiyya da sana'a ta cikin gari a watan Nuwamban 2014, inda aka rasa ɗalibai fiye da 40. Allah ya jiƙansu. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Uban da ya ga haka ya ce zai fitar da ɗansa, ba a ce ya yi wauta ba.

Sai dai tafiyar yanzu ta rasa abubuwan da suka riƙe ta da. Maimakon fatoma sai dillalai, masu buɗe ofis su karɓi la'ada su haɗa yaro da makarantar da su kansu ba su taɓa gani ba. Maimakon cikakken guzuri sai a biya kuɗin shekarar farko a ce sauran Allah zai kawo. Dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafi da tsohon farashi, uwar kuɗinsa ma ba ta kai shi rabin hanya ba. Ita kanta gwamnatin tarayya, ɗaliban da ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari da Sin a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ɗalibai sun sha kukan rashin biyan kuɗin guzurinsu, daga ƙarshe a 2025 ta ba da sanarwar dakatar da shirin. Ga kuma yaƙi, wanda ya koro ɗalibanmu daga Yukren a 2022, ya sake koro su daga Sudan a 2023.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

To jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga 'yan shawarwarin da muke miƙa wa shugabannin ƙungiya da iyayen yara.

Na farko, ƙungiya ta buɗe littafi ta rubuta sunan kowane ɗanmu da ke karatu a wata ƙasa, da makarantarsa, da wanda ke kula da shi a can. A 2023 da aka tashi neman adadin yaranmu da ke Sudan, sai da aka bi gida-gida ana tambaya. Kuma kowane ɗalibi ya riƙa aiko da kwafin sakamakonsa gida duk ƙarshen shekara, a adana.

Na biyu, kafin uba ya sayar da gona ko fili, ya zo a zauna da waɗanda suka je suka dawo. A bincika ko hukumomin ilimi na Nijeriya sun amince da makarantar. A kuma sani cewa wanda ya karanto likita a waje ba zai taɓa marar lafiya a nan ba sai ya ci jarrabawar majalisar likitoci ta ƙasa. In kuɗin shekarun duka bai kammala a hannu ko a ido ba, gara a haƙura. Muna da Jami'ar Jiha a Damaturu tun 2006, da ta Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a nan bakin ƙofarmu. Magabatan da muka ambata sai da suka ƙoshi a gida kafin su fita.

Na uku, mu daina raina sana'ar hannu. In ƙungiya za ta iya haɗa kuɗin ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu a shekara, to a duba abin da garin nan yake nema: mai gyaran manyan motocin zamani, mai haɗa wutar sola, mai haƙa rijiyar burtsatse, mai duba dabbobi, da 'ya'ya mata masu aikin jinya da unguwarzoma. Ko a Kaduna ne ake koyarwa, ko a Kumasi, ko a Alƙahira, a tura shi can. Amma da sharaɗin in ya dawo zai zaunar da yara biyar ya koya masu, kuma a taimaka masa da jarin kayan aiki don kada mu maimaita labarin akwatunan da suka yi tsatsa.

Na ƙarshe, mu tuna mu ma masu masauki ne. Almajirin da ke sallama a ƙofar gidanmu da dare, wani daga Damagaram yake, wani daga Cadi, uwarsa tana can tana jiran labari kamar yadda abokinmu ya jira da waya a kunne. Yadda muke so a riƙe namu a ƙasar wasu, haka ya kamata mu riƙe na wasu a tamu. Kakanninmu da allo a kafaɗa suka shigo ƙasar nan, aka ba su ruwa suka sha.

Shi kuwa yaron da muka fara da labarinsa, bayan an sha fama ya sami gurbi a wata jami'a ta gida, amma sai da aka mayar da shi baya aji biyu. Yana nan yana karatu, ran hutu yakan zo ya taya mahaifinsa zaman rumfa. Filin dai ya tafi.

Inda muka yi daidai Allah ya ba mu lada baki ɗaya, inda muka yi kuskure muna roƙon masana su gyara mana a fitowa ta gaba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya dawo da na nesa gida lafiya, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya. Amin.